Bakwit, acha ko shinkafa: wacce za ki haɗa da taliya a Legas?

Ƙanin maigidana yana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Yukiren a watan Maris na 2022, bayan yaƙi ya ɓarke. Ya sauka wurinmu a Agege da jaka ɗaya a kafaɗa, ya yi kwana biyu yana ramuwar barci. Da ya wartsake, abin da ya fara tambaya ya ba ni dariya.

"Anti, don Allah a ina ake samun girechka a garin nan?"

Na ce masa magani ne? Ya ce abinci ne, shekara huɗu yana cin sa kusan kullum, har cikinsa ya saba. Na ce to ka yi haƙuri da tuwo, nan Agege ce.

Sai bayan wata biyu na ci karo da abin a wani babban kanti a Ikeja, can ƙasan kanta kusa da su kuskus, leda mai rabin kilo an rubuta Buckwheat a jiki. Na ɗauki hoto na tura masa, ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira ni. Turawa suna ce masa bakwit, can inda ya yi karatu kuma girechka. Da na ga kuɗin sai da na ajiye, na zaga kantin, na dawo na sake ɗauka, domin a ranar kuɗin leda ɗaya zai saya mini taliya leda uku har da canji. A cikin mota nake lissafin yadda rabin kilo zai ishi gida mai baki bakwai, sai na ce ai da sauƙi, in yi masa abin da muke yi wa shinkafa, in haɗa shi da taliya ya yi auki. Ina ganin dabarata ce, ashe an riga ni da shekaru aru-aru. Yahudawan gabashin Turai suna da wannan girki, suna kiransa kasha barnishkes, da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tafi da shi birnin New York. Abu uku ne kacal a cikinsa: bakwit, taliya gajera, da soyayyiyar albasa mai yawa.

Tun daga lokacin na dafa shi sau da dama, na gwada da acha a madadinsa, shinkafa da taliya kuwa dama da ita muka tashi. Maƙwabta da ƙawaye suna yawan tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, shi ya sa na ga gara in baje abin da na gani a tukunya.

Girman ƙwayar bakwit kusan na dawa ne, sai dai ba mulmulalliya ba ce, kusurwa uku gare ta kamar ɗan ƙaramin dala. Sunansa na Turanci yana ɗauke da kalmar alkama, amma ba su haɗa komai ba. Alkama da gero da dawa da shinkafa da acha duk dangin ciyawa ne masu zangarniya, shi kuwa ɗan tsiro ne mai faɗin ganye da fararen furanni da ƙudan zuma ke rububi, har akan samu wata zuma baƙa-baƙa daga gare shi. Asalinsa kudu maso yammacin ƙasar Sin, yau kuma Rasha da Sin ne ke kan gaba wajen nomansa. Mutanen Japan da garinsa suke murza taliyarsu da ake kira soba, a yankin Biritani na Faransa kuma suna yin wata irin fanke mai faɗi da shi. Wanda ake samu a kantunan Legas daga waje yake shigowa, don haka farashinsa da dala yake tafiya. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ya ƙara yin sama, kuma ba kullum za ki je ki tarar da shi ba.

Iri biyu ake sayarwa, kuma a nan mutum yake fara yin asara in bai sani ba. Akwai gasasshe, launin ƙasa-ƙasa, mai ƙamshi kamar na gyaɗar da aka soya a yashi. Akwai ɗanye, fari mai ɗan kore-kore. Karo na biyu da na saya ban duba ba na ɗauko ɗanyen, na zuba masa ruwan sanyi kamar shinkafa, na bar shi yana tafasa ina yankan albasa. Da na buɗe tukunya na tarar da wani abu mai yauƙi, ba fate ba, ba kunu ba. Yaran suka leƙa suka watse. In ɗanyen kaɗai kika samu ba a rasa ba, ki zuba shi a busasshen kasko ki yi ta juyawa minti biyar zuwa bakwai a wuta matsakaiciya har ya yi ja ya fara ƙamshi, ya zama daidai da gasasshen.

Ga yadda nake yi na mutum huɗu. Kofi ɗaya na bakwit, wato kusan giram 170, kin ga leda mai rabin kilo girki uku za ta yi. Taliya rabin leda, giram 250. Albasa manya guda uku, ƙwai ɗaya, romon kaza ko na nama kofi biyu.

Da albasa nake farawa, domin ita ce ta fi cin lokaci, kuma gaskiya ita ce abincin. A yanka ta siri-siri, a zuba a mai ɗan dama, a rage wuta, a sa gishiri kaɗan, a bar ta minti 20 zuwa 25 ana juyawa jefi-jefi, har ta zube ta koma launin zuma ta yi zaƙi. Ba irin suyar da muke yi wa albasar miya ba ce da ake jefawa a mai mai zafi ta yi baƙi a gefe cikin minti biyu. Masu girkin na asali da kitsen kaza suke soyawa, saboda addininsu ya hana haɗa nama da abin da aka samu daga madara a abinci ɗaya. Mu ba mu da wannan ƙa'ida, don haka nakan haɗa man gyaɗa da cokali ɗaya na man shanu. In kin yanka kaza mai kitse, ki narka kitsen da fatar ki gwada sau ɗaya, za ki gane abin da ya sa suka riƙe shi. A nan mu 'yan Legas muka ci sa'a, tunda albasar Aleiro da ta Sakkwato a kasuwar Mile 12 ake sauke ta, kuma 'yan uwanmu ne ke sayarwa. Ki zaɓi busasshiya mai nauyi a hannu wadda wuyanta ya tsuke.

Albasa tana kan wuta sai ki kaɗa ƙwai, ki juye busasshen bakwit a ciki, ki cakuɗa har kowace ƙwaya ta jiƙe. Ki zuba a tukunya mai zafi ba mai ba ruwa, ki yi ta murƙushewa da cokali. Da farko zai dunƙule ki ɗauka kin ɓata, amma cikin minti uku zuwa huɗu ƙwan zai bushe, ƙwayoyin su rabu suna ƙara a gindin tukunya kamar tsakuwa. Wannan rigar ƙwan ce ke hana shi caɓewa. Sai ki zuba romon yana tafasa, ki ja baya don zai yi tururi da ƙarfi, ki rufe, ki mayar da wuta can ƙasa minti 15. Kada ki juya, kada ki leƙa. Ki kashe ki bar shi a rufe minti goma. Taliya a dafa ta daban da gishiri, a tsane tun tana da ɗan ƙarfi, a juye komai cikin kaskon albasa, a barbaɗa masoro, a juya a hankali. Mu a gidanmu yaji yana gefe, wani lokaci da ɗan attaruhu da aka jajjaga aka soya.

Abin da za ki samu a faranti shi ne garɗi. Babu hatsin da na sani da yake da irin wannan garɗin, mai ɗan ɗaci-ɗaci can ƙarshen harshe kamar ƙanzo mai kyau. Ƙwayar tana tsayawa a haƙori, ba ta ɓacewa a cikin taliya. To amma ƙamshin nasa yana da ƙarfi, kuma ba kowa yake karɓarsa a karon farko ba. Maigidana ya ce ƙanshin ƙasa yake ji, irin na farkon damina. Autata ta tsince taliyar tas ta bar sauran a gefen faranti. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne shinkafar ofada. Wanda ya zauna Legas har ya iya cin ofada yana santi, bakwit ba zai ba shi wahala ba. Wanda har yau yake toshe hanci in ana dafa ta a maƙwabta, kada ya fara da leda biyu.

Acha kuwa tamu ce. Ana noma ta a Filato da Bauchi da kudancin Kaduna da Nasarawa, a duniya kuma ƙasar Gini ce ta fi kowa noma ta. Masu hatsi a Mile 12 da kasuwar Agege sukan kawo, ana aunawa da derika kamar sauran kaya, ga kuma wadda aka wanke aka ƙulle a leda a manyan kantuna. In kina da wanda yake zuwa daga Jos, wannan ya fi komai. Ita ma ba ta da araha in aka gwada da shinkafa, domin sussukarta da surfenta aiki ne ja, amma ba ta kama ƙafar bakwit a tsada ba, ga ta da auki. Kofi ɗaya in ya dahu sai ki yi mamakin inda ya fito.

Matsalarta ta farko yashi. Ƙwayar acha da ƙwayar yashi kusan girmansu ɗaya, don haka tsinta ba ta aiki, sai regewa. Ƙwarya biyu ko roba biyu, ruwa mai yawa, a hankali, sau huɗu ko biyar, har ki daina ganin baƙi-baƙi a gindi. Ko wadda aka rubuta an wanke nakan sake regewa sau ɗaya, domin loma ɗaya mai ƙas-ƙas ta isa ta kashe wa mutum cin abinci. Lokacin da kika ci riba a wuta, don acha minti biyar take ɗauka, kin riga kin biya shi a bakin famfo.

Matsala ta biyu ita ce ta fi shafar wannan girki. Acha ba ta da baki. Ɗanɗanonta sanyi gare shi, duk abin da aka haɗa ta da shi shi take bi. Wannan ne ya sa take daɗi a fate da kunu da tuwo, amma a gefen taliya, wadda ita ma ba ta da wani ɗanɗano na kanta, sai abincin ya zama salam in ba a tashi tsaye ba. Na fara gwadawa da doguwar taliya, achar duk ta zube ƙasan kwano, wanda ya fara ɗiba ya samu taliya zalla, na ƙarshe ya samu acha zalla. Abin da ya gyara mini shi ne abu biyu. Bayan na rege na tsane ta, sai in soya ta sama-sama a cokali ɗaya na mai har ta fara ƙamshi, sannan in zuba romo mai zafi kofi ɗaya da rabi a kan kofi ɗaya, in rufe minti biyar, in barta ta huce kafin in warware da cokali mai yatsu. Mai madambaci ta turara kamar dambu, ya fi fitowa wara-wara. Sannan taliyar ta zama murɗaɗɗiya, irin tuwis ɗin nan, don achar ta shige cikin lungunan ta maƙale. Da haka, da albasa mai yawa, abinci ne mai daɗi mara nauyi, yara kuma ba sa tsince komai. Sai dai ba shi ne wancan girkin ba. Ƙanin maigidana ya ci ya ce, "Anti, wannan dambu ne ya yi ado."

Tunda an zo maganar siffar taliya, girkin nan yawanci da mai kama da malam-buɗe-littafi ake yin sa, wadda aka tsuke a tsakiya. Ita ma yawanci daga waje take zuwa, kuma ban ga dalilin ƙara wani kuɗin a kanta ba. Tuwis ko makaroni na kamfanonin gida irin su Golden Penny, da kamfanin fulawa na Apapa yake yi, sun wadatar. Doguwar taliya ba ta dace da bakwit ba sai an kakkarya ta gajeru. Taliyar murji ta gida kuwa ta yi laushi da yawa, a bar ta da manjanta da yajinta, a nan ta fi kyau.

Shinkafa da taliya ba sai na koya wa kowa ba. Tukunya ɗaya, shinkafa ta yi nisa a karya taliya a zuba, a tsane, a ci da miya ko mai da yaji. Ita ce ta fi araha, ita ce ba a neman ta a rasa ko a shagon bakin layi, kuma ita ce babu wanda zai yi miki tambaya a kanta. In baki goma ne a gida, ko baƙi sun sauka daga Arewa ba sanarwa, babu wata shawara da ta wuce ta. Abin da zan ƙara kawai shi ne dabarar Larabawa da waɗanda suka je Umara suka sani. A kakkarya siririyar taliya, a soya ta a mai har ta yi ja, sannan a zuba wankakkiyar shinkafa da ruwa daidai a rufe. Wannan suyar tana kawo wani ɓangare na garɗin da ake nema a bakwit ba tare da an je Ikeja ba. A ɗora mata waccan albasar mai launin zuma a kai, sai ki ga an cinye ana neman ƙari.

A lissafin gas ma shinkafa ce ta yi nasara, duk da ta fi daɗewa a wuta. Girkin bakwit yana son wuta uku: kaskon albasa, tukunyar bakwit, tukunyar taliya. Mai kan gas ɗaya ko risho sai ta yi su bi da bi, ta ba shi awa guda cur. Haka na acha. Wanda yake dawowa daga aiki bayan ya sha cunkoson Oshodi, ba ranar Talata da dare zai fara wannan ba. Nakan soya albasar da yawa ranar Asabar in ajiye a firij, in wuta ta yi mana adalci takan kai kwana uku.

Yanzu maganar lafiya, domin yawancin masu tambayata ba don daɗi suke tambaya ba. Surukata Hajiya tana da ciwon suga, kuma da ta ji an ce bakwit ya fi farar shinkafa sai ta ce a riƙa yi mata. Akwai gaskiya a ciki. A giram 100 na ɗanyen bakwit akwai furotin kusan giram 13 da harza kusan giram 10, farar shinkafa kuwa furotin ɗinta wajen giram 7 ne, harzarta ba ta wuce giram 1 da wani abu ba. Yana da sinadarin maganiziyam da yawa, yana riƙe ciki, kuma ba ya ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa. Acha ma an daɗe ana ba masu suga ita a Arewa, tana kuma da wasu sinadaran gina jiki, irin su metiyonin, da suka yi ƙaranci a sauran hatsi. Amma dukkansu sitaci ne, kuma da zarar kin juye rabin ledar taliya a kai, rabin farantin ya koma fulawar alkama. Na ce mata, "Hajiya, naki ba da taliya za a yi ba." Nata nakan ɗebe kafin in haɗa, in sa mata albasa da ganye da kifi, gwargwadon abin da likitanta ya ce. Haka wanda gulutin, sinadarin nan na alkama, yake wahalarwa. Bakwit da acha da shinkafa duk ba su da shi, amma taliyar kanti da shi aka yi ta, don haka haɗin ya rushe amfanin. Wani abu kuma da ban sani ba sai daga baya: akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar bakwit sam, yana sa su ƙaiƙayi da kumburi har da toshewar numfashi, shi ya sa a Japan doka ta tilasta a rubuta a jikin duk abincin da yake ciki. In karon farko ne, musamman ga yaro, a fara da cokali ɗaya ko biyu a ga yadda jiki zai yi.

Ajiya ma abin dubawa ce a garin da gishiri yake jiƙewa a cikin kwalba. Shinkafa tana jure laimar Legas fiye da sauran biyun. Acha in ba ta bushe sosai ba takan yi warin funfuna cikin 'yan makonni a damina, ƙwari kuma suna son ta, don haka ba na sayen fiye da derika biyu a lokaci guda. Bakwit da zarar an buɗe leda a juye shi a kwalba mai murfi a sa a firij in da hali. Tunda ba kaya ne mai tafiya da sauri a kanti ba, ki duba kwanan watan da ke jiki kafin ki biya, ki kuma ɗaga ledar ki ga ko akwai gari-gari a ƙasa ko zare kamar yanar gizo-gizo. In kin buɗe kika ji warin tsohon mai maimakon ƙamshin gyaɗa, ya tashi daga aiki.

Ni dai a gidana shinkafa ce ta kullum, da soyayyiyar taliya in ina son canji. Acha ta fi shiga tukunyata ita kaɗai, a fate ko dambu, ba na yawan wahalar da ita da taliya sai in tuwis ce a gida kuma yara sun roƙa. Bakwit kuwa in na gan shi gasasshe, kwanan watansa da saura, aljihu kuma bai yi kuka ba, nakan ɗauki leda ɗaya, domin a cikin ukun shi kaɗai ne yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da taliya a ji ɗanɗanonsa. Wadda take son ta san girkin nan yadda yake, da shi za ta yi, ko sau ɗaya ne, ta raba ledar da maƙwabciya in tana tsoron asara.

Wanda ya kwana ma bakwit ya fi su tashi da kyau. Acha takan dunƙule, shinkafa da taliya takan bushe a gefe, shi kuwa da safe sai a watsa shi a kasko da ɗan mai a fasa ƙwai biyu a kai, gindin ya yi ƙanzo. Ƙanin maigidana yakan roƙe ni in rage masa zallan bakwit kafin in haɗa da taliya, ya zuba masa madara mai ɗumi da suga ya sha da cokali, wai haka suke karyawa da shi a can. Na ɗanɗana sau ɗaya na miƙa masa kwanonsa, na koma kan kokona da ƙosai.